Haƙoran Bidi

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a bakin zaure ina ɓarar gyaɗa, sai na ji yara suna ihu kamar an kawo kura. Na ɗaga kai, ashe doki ne. Wani bawan Allah ne ya ratso ta layinmu a kan wani tsohon doki ja, yara sun bi shi ɗuu, har da manya masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Wai yau a garin nan doki ne abin kallo. Ni kuwa ba mahayin na kalla ba, bakin dokin na kalla. Yana tafiya yana karkatar da kai gefe guda, yawu yana zuba ta gefen linzami. Na ce wa jikata ta ruga ta gaya wa mutumin ya duba turamen dokinsa, wato manyan haƙoran nan na can ciki da ake tauna da su. Ja'irar ta riƙe ƙugu ta ce, "Kaka, yanzu kuma likitar dawaki kika zama?" Kafin in gama yi mata faɗa mai doki ya sha kwana. Na koma kan gyaɗata, amma hannuna ne kawai ke ɓara, zuciyata ta riga ta tafi wani zamani.

Lokacin da aka kawo ni garin nan amarya daga rugarmu ta gindin duwatsun Doguwa, ba kowane gida ke da doki ba, kada in yi ƙarya. Amma ba ka wuce unguwa ba ka ji haniniya ba. Kuma ba dawakin ado ba ne, dawakin tafiya ne, na kasuwa da zumunci da ta'aziyya. Safiyar wancan lokacin tana da muryoyinta, kuma ko ido a rufe ka san inda gari ya kai. Ladan ya yi kira, guga ta faɗa rijiya, mata su ɗauki lugude gida-gida kamar suna amsa wa juna, sannan daga bayan zaure ka ji doki yana tauna dawa, ƙurus, ƙurus, a natse, ba ya gaggawar kowa. Yanzu abin da ke tashina shi ne samari masu dukan babur da ƙafa yana tari yana ƙin tashi, sai injin niƙa, sai janaretan mai cajin waya. Ban ce ba su da amfani ba. Ranar da ciwon ƙafa ya kama ni, acaɓa ne ya kai ni Kiru kafin a sauke tukunya. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya tsaya yana shafa wuyan babur yana yi masa hira ba.

Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk unguwa ke kira Baba, yana da doki guda, Bidi. Sunan launinsa ne, fari mai ɗigo-ɗigon toka, ko da yake sa'ad da na zo tsufa ya kusa wanke ɗigon. Baba ya taɓa faɗowa daga kan ɗorawa yana saurayi, ƙafarsa ta hagu ta karye, ɗorin kuma bai zauna daidai ba. Daga zaure zuwa masallacin unguwa yana iya ɗingisawa da sanda, amma abin da ya wuce haka sai Bidi. Shi ke kai shi kasuwar Bebeji, shi ke kai shi wajen ƙanwarsa a Tudun Wada, shi ke kai shi Juma'a a Yako. Saboda haka Baba ya ɗaura wa kansa wata ƙa'ida da ba malamin da ya ɗora masa: ba ya sa loma a baki sai Bidi ya ci. Za a kai masa akushi, ya ajiye a gefe a rufe, ya zuba wa doki dawa, ya zauna yana saurare. Sai tauna ta yi nisa sannan ya wanke hannu. In an yi masa magana ya ce, "Shi ya ɗauko ni, shi zai fara." Inna, uwar mijina, mace ce mai baki da barkwanci, takan ce, "Ni da na haifa masa 'ya'ya ban taɓa ganin ya tsaya jiran in ci ba."

Duk wannan labari nake ji, don ni ban taɓa ganin Baba yana cin abinci ba, kuma bai kamata in gani ba. Yaran yanzu ba za su gane irin kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗansa a lokacin ba, balle ni da na fito daga gidan Fulani, inda ake shayar da kunya tare da nono. Ba na kama sunansa, har mai irin sunansa sai na sake masa wani. Da safe in durƙusa daga bayan zana in gaishe shi, ya amsa daga can, shi ke nan maganarmu ta ƙare sai gobe. In na hango shi zai shigo cikin gida in faɗa ɗaki, in shi ya hango ni a bakin rijiya ya yi kamar ya manta wani abu a zaure. Ni ke tuƙa tuwonsa, Inna ke kai masa, kuma daga akushin da ya dawo nake sanin ko girkina ya karɓu. Yau matar jikana tabarma ɗaya take zama da surukinta, suna kallon waya ɗaya suna musu a kan ƙwallo. Ban ce laifi ba ne, na dai ce da idona na ga duka biyun.

A bazarata ta farko a gidan abin ya fara, kuma kaji ne suka fara tona shi. Na lura duk kajin gidan sun ƙaurace wa bakin turmi sun tare a bayan barga, inda ake zubar da kashin doki. Da na je zubar da shara na duba, sai ga ƙwayar dawa a ciki ɗaiɗai, lafiyayyu, yadda suka shiga haka suka fito. Bayan haka sai aka fara samun dunƙule-dunƙulen harawa a gindin turke, an tauna rabi an tofar, jiƙe da yawu. Taunar nan ta safe ta canja, ta zama ya yi kaɗan ya tsaya, ya yi kaɗan ya tsaya, har ta ɗauke. Kafin zafi ya kai tsakiya haƙarƙarin Bidi ya fito ana gani daga nesa, ƙugunsa ya yi tsini, idonsa ya faɗa.

Baba ya yi abin da ƙauna ta nuna masa. Ya sa aka buɗe rumbu aka zaɓo masa dawa mafi kyau, farfara mai tauri, ya ƙara mudu a kan mudu. Ya sa aka sauko da harawar wake da ake tattali a kan bishiya. Doki ya sa baki ya janye. Aka kira wanzamin unguwa, mutumin kirki, ya buɗe leɓen Bidi ya duba gaba ya ce ganɗa ce ta kumbura ta sauko, sai an tsaga ta, haka ake yi wa dawaki tun kakanni. Ya tsaga ta da aska, jini ya zuba, ya goga kanwa. Abin da ya gada ke nan, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Aka karɓo rubutu aka zuba a ruwan sha, don wasu sun ce bakin mutane ne ya kama dokin. Bidi dai ya ƙara ciwo a kan ciwo, har ruwa sai ya yi ta shawagi da baki a kai kafin ya sha.

Daga nan akushi ya fara dawowa da nauyi. Da farko an gutsuri gefe, daga baya sai alamar yatsu kawai, daga baya kuma yadda na kwashe haka yake dawowa, miyar ta daskare a kai. Ba wai Baba ya yi rantsuwa ba ne ko yana fushi da wani. Zama yake da akushi a rufe yana jira, in Bidi ya tsinci 'yan ƙwayoyi shi ma ya yi loma ɗaya ko biyu, in Bidi ya kau da kai shi ma ya ture. Maigidana da yayansa suka same shi a zaure, ina jin su daga madafa. Suka ce akwai dillalai a Kwanar Dangora masu sayen tsofaffin dawaki suna lodawa a mota zuwa kudu, a kai Bidi, su kuma za su nemo masa matashi. Baba ya bar su suka gama, sannan ya ce, "To, madalla. In kun tashi ku nemi mota mai faɗi, don ni ma haƙoran nawa sun ƙare." Ba wanda ya sake tayar da maganar. Ba a daɗe ba Baba ya fara salla a zaune. Ranar da Inna ta dawo da akushi ta ajiye a gabana ta zauna a kan turmi, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "'Yar nan, mutumin nan bin dokin nan zai yi. Ina kallo zai tafi."

Ni kuwa abin yana cina, don na san wannan ciwo. Baffana yana da wata tsohuwar goɗiya a ruga, kuma tun ina ƙarama nake riƙe masa ƙwarya in yana wanke mata baki. Shi ya nuna mini cewa haƙorin doki ba kamar namu ba ne, yana cinyewa ne a hankali da tauna, kuma ba ya cinyewa daidai. In tsufa ya zo sai gefen turame ya yi kaifi yana yankan kumatu daga ciki, wani ya yi girgiɗi, tsakaninsu ya buɗe ciyawa ta riƙa cushewa tana ruɓewa. Duk wannan can ciki yake, inda mai duba leɓe ba zai gani ba. Na gaya wa Inna a hankali, na ce a daina ba shi dawa, a jiƙa masa dusa, a kuma duba can ciki. Ta ce, "Ke Bafulatana, rufa mini asiri. Wa zai tura hannu cikin bakin doki?" Amma ta je ta faɗa masa, ta ce a wajen mata ta ji. Muryar Baba ta yi rauni a lokacin, amma sai da na jiyo ta. "Dusa? Jiƙaƙƙiyar dusa? Tunkiya ce shi ko jaki? Dokin da bai taɓa cin abin da ba ƙwaya ba, sai yau da ya tsufa zan wulaƙanta shi?" A wajen mutanen lokacin, ba doki dusa tamkar ka ce mai shi ya gaza ne. Na gaya wa maigidana, ya ce in bari, maganar dawaki ba ta mata ba ce, kada in ja masa abin faɗa.

Ranar wata Juma'a maza suka watse zuwa Yako, wasu a ƙafa wasu a keke. Na ji maigidana tun da safe yana cewa zai goya Baba a kekensa, don haka na ɗauka an tafi da shi. Inna ta shiga maƙwabta barka. Gida ya yi tsit, rana ta take, ko kaza ba ta motsi. Na daka bagaruwa na tafasa, na jefa ɗan gishiri, na bari ya huce ya zama ɗumi, na zuba a buta. Na jiƙa dusa da ruwan ƙasari a kwatarniya, na ɗan sa kanwa. Na nufi barga, wurin da tun da na zo gidan ban taɓa taka shi ba. Rumfa ce a jikin zaure, an kewaye da zana, ga tarin harawa a kusurwa. Bidi ya dube ni bai ko ɗaga kunne ba. Na yi bisimilla, na shafa goshinsa, na yi masa 'yar maganar da muke yi wa shanu. Sannan na zura yatsu ta gefen bakinsa, inda ba haƙori, na kamo harshen na fito da shi gefe, yadda Baffa yake yi, don doki ba ya cizo in harshensa yana tsakanin haƙoransa. Na tura ɗaya hannun ciki.

Warin da ya bugo ni har yau in na tuna sai na ji shi a hanci. Na riƙa zaƙulo ruɓaɓɓiyar ciyawa baƙa ƙirin daga tsakanin turame ina yarwa. Na taɓa wani turmi na ƙasa na ji yana lilo, Bidi ya zabura. Na shafa na sama, gefensu kamar bakin fasasshiyar kwalba, kumatun kuwa duk gyambo. Hannuna yana ciki har kusan gwiwa, mayafina ya zame ya faɗi ƙasa, sai na ji an yi tari a bayana.

Baba ne. Yana kwance a kan buzu a bayan tarin harawa. Ashe ya kasa zama a kan keke, aka bar shi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba damar durƙusawa, ba damar rufe kai, ba damar gudu, don in na saki harshen nan da hannuna a ciki na rasa yatsu. Na tsaya kamar an dasa ni. Na san kunyar da ta kama ni shi ma ta kama shi. Can sai na ji motsinsa yana tashi zaune. Bai dube ni ba, dokin ya duba.

"Bidi," in ji shi, "ashe baƙuwa ka yi ba ka gaya mini ba."

Ya ɗan jira, ya sake cewa, "Bidi, tambayi baƙuwar taka, me ta tarar a ciki?"

Na kafa ido a kan kunnen dokin, na ce da wata murya da ban san tawa ba ce, "Bidi, ka ce da mai gidanka ba ganɗa ba ce. Turmi ɗaya ne ke girgiɗi, na sama kuma sun yi kaifi suna yanka ka. Ka ce yunwa kake ji, taunar ce ba ka iyawa."

"Yunwa yake ji," Baba ya maimaita a hankali. Sai ya jawo jiki, ya dafa turke ya miƙe yana rawa, ya miƙo hannu ya karɓi harshen daga hannuna, fuskarsa a juye. "Bidi, ce mata ta yi aikinta, na riƙe."

Haka muka yi. Na ƙarasa zaƙulewa, na ɗauki buta na riƙa tsiyaya ruwan bagaruwa ta gefen baki yana fitowa da datti, har ya fara fitowa garau. Na lakaci man shanu da zuma na shafe gyambon da tsagar wanzami. Da na jawo kwatarniyar dusa sai Baba ya yi gyaran murya. "Bidi, ka ce mata ni dai ban yarda da dusa ba. Amma bakinka ne, in kai ka yarda ruwanka." Bidi ya sunsuna, ya ja baya, ya sake sunsunawa. Sannan ya nutsa baki ya fara zuƙa, yana lumshe ido, dusa tana ɗiga daga haɓarsa. Bai ɗago ba sai da ya lashe gindin kwatarniya. Na sunkuya na ɗauki mayafina zan sulale, sai na ji muryar tsohon. "Bidi, tambaye ta, ko akwai sauran ɗumame a gidan nan?" Da gudu na isa madafa, ina kuka ina hura wuta.

Ba a rasa 'yan magana ba. Ban san wanda ya leƙo ya gan mu ba, amma kafin Asabar labari ya kai bakin rijiya cewa amaryar gidan Baba ta tsaya gaban surukinta kai ba mayafi, hannu a bakin doki. Na yi kwanaki ban leƙa waje ba. Maigidana ya yi ta ɗaure fuska, sai da ya ga ubansa ya yi salla a tsaye sannan ya sake. Inna ta fara da faɗa, "Ke ba ki da tsoro ne ko ba ki da kunya?" Faɗan bai kai ƙarshe ba dariya ta ƙwace mata. Baba ya aika aka kira maƙeri, ya zo da magagari ya naɗe ƙotarsa da tsumma, maza suka rirriƙe Bidi, ya goge kaifin turamen a hankali, mai girgiɗin kuma ya cire shi da awartaki ba wuya. Ni ina bayan zana, Baba yana tambayar Bidi ko nan ne wurin, ni kuma ina ba Bidi amsa. Maƙerin ya yi ta waige-waige yana neman wanda ake magana da shi.

Daga ranar abincin Bidi ya dawo hannuna, kuma aiki ne ba na wasa ba. Tun da safe in jiƙa tsakin dawa ya yi laushi. In kakkaɓe ganyen harawa in bar karan, in daka ganyen in tankaɗe, in haɗa da dusa da ƙasari da 'yar kanwa, in dama shi ruwa-ruwa. Da damina in yanko masa ɗanyar harkiya tun tana ƙarama in yayyanka ƙanana. In ya gama ci a wanke baki da ruwan bagaruwa, a zaƙule abin da ya maƙale. Aka rataye linzami, aka koma ragama, don ƙarfe ba ya shiri da tsohon baki. Bidi bai koma sukuwa ba, amma ya yi ƙiba daidai gwargwado, ya kuma ci gaba da kai Baba Juma'a a hankali, su fita da wuri su dawo bayan kowa. Jikana ya nuna mini a waya yadda likitocin dabbobi ke yi yanzu, da wani ƙarfe mai buɗe baki da fitila a goshi da allurar kashe zafi. Na ce madalla, da muna da shi a lokacin da Bidi bai sha wuyar da ya sha ba. Mu bagaruwa muke da ita da yatsu, da su muka yi.

Abin da na fi kewa shi ne hirar. Kullum in na kawo kwatarniya Baba yana nan a kan buzunsa, fuska wajen doki, ni ma fuska wajen doki. "Bidi, ce mata miyar jiya ta yi gishiri." "Bidi, ka ce a yi haƙuri, hannu ne ya zarce." Ta bakin Bidi na ji labarin yadda suka ƙetare kogi da ambaliya a hanyar Tudun Wada, da yadda kasuwar Bebeji take kafin a yi kwalta. Ta bakinsa ya tambayi lafiyar Baffana, ta bakinsa ya yi mini barka da ɗan fari. Ni ma ta nan na yi ƙarfin halin aika saƙon da Inna ta kasa. Na daɗe da lura ɓawon tuwo da nama suna dawowa a akushi, sai ran nan na ce, "Bidi, ka ce da mai gidanka akwai sauran ruwan bagaruwa, na sa kanumfari a ciki, in ana so a kurkure baki." Ya ce, "Bidi, ce mata ni ba doki ba ne." Amma da na dawo ɗaukar buta na tarar ba komai a ciki, kuma daga ranar na riƙa sassauta masa tuwo bai taɓa aiko da ƙorafi ba. Inna takan leƙo ta ce, "Oh ni, wannan doki da zai yi magana da ya ce ku ƙyale shi ya huta."

Bidi ya ƙara ganin damuna bayan damuna, har ɗana ya fara tafiya yana kama jelarsa. Ranar da Bidi zai tafi lokacin kaka ne, an gama yankan dawa. Da safe na kai masa abincinsa ya cinye tas. Da hantsi ya kwanta, abin da ba ya yi, ya miƙe wuya a kan ƙafar Baba, kafin azahar ya daina numfashi. A al'ada jan mushen doki ake yi zuwa bayan gari a bar wa ungulu. Baba ya ce ba da nasa ba. Ya sa 'ya'yansa suka haƙa rami a gefen gona suka rufe shi, masu magana suka yi ta yi.

Da daddare akushi ya dawo yadda aka kai shi. Washegari ma haka, da safe da rana. 'Ya'yansa suka yi magana, limamin unguwa ya zo ya yi nasiha, Baba ya ce ya ji, ya gode, akushi kuma ya ci gaba da dawowa. Wannan karon tsufa ya riga ya ci ƙarfinsa, kowa ya san jikin ba zai ɗauki abin da ya ɗauka a baya ba. Inna ta same ni a madafa ta ce, "Na yi magana har bakina ya gaji. Ke ce kika san hanyarsa, ki je." Na ce, "Inna, ta bakin wa?" Sai ta ɗora mini akushin a hannu.

Na same shi a barga a kan buzunsa, ya jingina da zana, ragamar Bidi a cinyarsa. An share wurin, ba harawa, ba kwatarniya. Na durƙusa daga nesa na tura akushin gabansa. Na buɗe baki, sunan dokin ya zo har kan harshena, na mayar da shi. Na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa yana ta murza igiyar nan da yatsu. Muka daɗe a haka, har na ji gwiwoyina sun fara sagewa. Na san in na tashi da akushin nan a rufe, ba za a daɗe ana tuƙa masa tuwo a gidan nan ba.

Na ce, "Baba, ku ci abinci."

Tun da aka kawo ni gidan, ban da gaisuwa, wannan ce magana ta farko da na yi masa kai tsaye. Ya ɗan girgiza kai, idonsa a kan wurin da dokin ke tsayawa. Ya ce, "Shi bai ci ba."

Na ce, "Ya ci, Baba. Da hannuna na ba shi a safiyar, bai rage ko kaɗan ba, ni na wanke kwatarniyar. Ya riga ku. Saura ku."

Na ga hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. Can ya ajiye ragamar a gefe, ya jawo buta ya wanke hannu, ya buɗe akushi. Na yunƙura da sauri zan fita, don ba a ganin suruki yana ci. Ban kai bakin zana ba na ji muryarsa, kuma ba da kowa yake ba sai ni.

"Zauna, 'yata. Ban saba ci ni kaɗai ba."

Na dawo na zauna inda Bidi ke tsayawa, na sunkuyar da kai, ya yi bisimilla.